Tambaya da Amsa: Fayafayan Garmahon Makaɗan Hartum, a Sayar ko a Adana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni Bahaushiya ce haifaffiyar Umdurman da ke Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya kore mu zuwa Kasala, da muka dawo kuma muka tarar an kwashe kusan duk abin da ke gidan, in ban da wata adakar ƙarfe ta marigayi mahaifinmu da tarkace ya danne a ɗakin ajiya. Fayafayan garmaho ne cike da ita, yawancinsu ƙanana masu waƙa ɗaya a kowane gefe, wasu da tambarin kamfanin Munsphone, wasu kuma a jikin kwalinsu akwai hoton samari riƙe da jita da ƙaho. Mahaifinmu ya yi wa makaɗan Hartum aikin haɗa lasifika a ƙuruciyarsa. Wani dillali ya zo ya ce zai saye su gaba ɗaya a dunƙule, Yayana kuma ya ce tarkace ne, a karɓi kuɗin tun mutumin bai sake shawara ba. Wasu daga cikinsu sun lanƙwashe, duk kuma sun sha ƙura. Shin suna da wata daraja, kuma me ya kamata in yi? Daga wata mai karatu a Umdurman.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa. Shawarata a taƙaice ita ce kada ki sayar da su a dunƙule, kada kuma ki sayar da ko ɗaya kafin ki san abin da ke cikin adakar faifai bayan faifai, domin wanda ya taya kaya gaba ɗaya ba tare da ya zauna ya tantance a gabanki ba, galibi ya riga ya hango guda biyu ko uku da za su biya masa kuɗin sauran.

Hotunan samarin da kika gani riƙe da jita da ƙaho na makaɗan da mutanen Sudan ke kira 'yan jaz ne, ko da yake kiɗan nasu ya fi kusa da rok da kiɗan rawa na Kwango da na baƙaƙen fatar Amurka, an ɗora shi a kan karin waƙa na gida. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa farkon shekarun 1980 waɗannan ƙungiyoyi ne ke cika gidajen rawa na Hartum irin su Gordon Music Hall da St. James, da otal-otal, da wuraren biki. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sharhabil Ahmed, haifaffen Umdurman a 1935, wanda ya karanta zane-zane har ya yi suna wajen zana hotuna a mujallar yara, sannan ya kafa ƙungiyar da matarsa Zakiyya ke kaɗa jita a ciki, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Akwai kuma Kamal Keila, da ƙungiyar Al-Aƙarib wadda Turawa suka sani da The Scorpions. Idan mahaifinku ya haɗa wa irin waɗannan mutane lasifika, to ba abin mamaki ba ne a ce wasu fayafayan hannu da hannu aka ba shi su.

Abin da ke ba kayan naki daraja shi ne ƙarancinsu tun asali. Masu karatunmu na Najeriya za su tuna cewa Legas tana da manyan kamfanoni irin su EMI da Decca, shi ya sa har gobe ake tsintar fayafayan makaɗan shekarun 1970 a kasuwanni. A Hartum abin ba haka yake ba. Mawaƙi a nan gidan rediyon Umdurman, wanda ya fara aiki a 1940, shi ne ƙofarsa: can zai je a naɗi waƙarsa a kan tef, a watsa ta, tef ɗin kuma ya zauna a ma'ajiyar gidan rediyo. Wanda ke son ganin waƙarsa a kan faifai sau da yawa sai ya haɗa da ƙasar waje, kuma abin da za a buga kaɗan ne, daidai da yawan gidajen da ke da garmaho. Al-Aƙarib a Kuwait suka naɗi babban faifansu a 1980. Kamal Keila kuwa waƙoƙinsa a kan tef suka zauna shekara da shekaru, sai a 2018 wani kamfanin Jamus mai suna Habibi Funk ya fitar da su a faifai. Da kaset ya shigo ya yi araha, sai mutane suka juya wa faifai baya, daga nan kuma dokokin shari'a na Satumbar 1983 a zamanin Shugaba Numeiri suka rufe gidajen rawar da waɗannan makaɗa ke ci a cikinsu, juyin mulkin 1989 ya ƙara ƙuntata abin da ya saura. Wasu makaɗan suka yi hijira, wasu suka koma kiɗan biki, wasu suka jingine jita gaba ɗaya. Ki ƙara da cewa harabar gidan rediyon da ke riƙe da ma'ajiyar ta zama fagen daga a wannan yaƙi, ta shafe watanni a hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan kafin sojojin su karɓe ta a watan Maris na 2024. Saboda haka ƙaramin faifan da ke cikin adakar wani gida a Umdurman yana iya kasancewa ɗaya daga cikin 'yan kwafin da suka rage na wata waƙa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin maganar kwafe waƙoƙin a kwamfuta ta riga maganar sayarwa.

Sai dai ba na son ki ɗauka cewa kowane tsohon faifai dukiya ne. Faifan shahararren mawaƙin Masar ko na Turai da aka buga da yawa, ko da ya shekara 60, ba ya kawo wani abin kirki, musamman idan ya kwarzane. Masu tara fayafayai abu uku suke dubawa: ƙarancin faifan, yawan masu nemansa, da lafiyar jikinsa. Tun da aka sake buga faifan Al-Aƙarib a 2018 da tarin waƙoƙin Sharhabil a 2020, masu neman kiɗan Sudan suka ƙaru a Turai da Amurka, kuma bugun asali na faifan Kuwait ɗin nan an san yana kaiwa ɗaruruwan daloli idan yana da lafiya. Wannan ne ya sa dillalai ke bin gidaje. Amma faifai iri ɗaya, mai tsabta da wanda ya sha karce, bambancin kuɗinsu kan ninka sau da yawa, don haka kada wani ya nuna miki farashin mai tsabta a waya ki zaci naki ma haka zai yi.

Ga yadda za ki tantance. Ki samu littafi ki ba kowane faifai layinsa: sunan mawaƙi, sunan waƙar kowane gefe, sunan kamfani, da lambar da aka buga a takardar tsakiya. Sannan ki karkata faifan ga hasken taga ki dubi ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Za ki ga wasu haruffa da lambobi ƙanana da aka karta ko aka danna a jikinsa tun a masana'anta, kuma su ne ke nuna ko wane bugu ne, wani lokaci har da inda aka buga shi. Ki kwafe su daidai yadda suke. Da waɗannan bayanai za ki iya neman faifan a Discogs, wata babbar taska ta intanet da aka kafa a shekarar 2000, wadda masu saye da sayarwa ke amfani da ita, inda ake ganin nawa aka taɓa sayar da irinsa. Ki kula da kuɗin da aka saya da gaske, domin kuɗin da mai kaya ya ɗora bakinsa a kai ba ya nuna komai. Za ki ga suna auna lafiyar faifai da haruffa, NM ga wanda yake kamar sabo, VG+ ga mai ɗan alamar amfani, VG ga wanda ake jin ƙaraf-ƙaraf a cikinsa, G ga wanda ya jigata. Idan kika nemi wani faifai kika rasa shi a taskar gaba ɗaya, ki ware shi gefe guda, domin a fayafayan Sudan rashin samunsa a can yakan nuna cewa kaɗan ne suka taɓa riƙe shi. Kada ki yar da kwali ko da ya yage, kada ki goge rubutun hannu da ke jikinsa, musamman idan wani makaɗi ne ya rubuta wa mahaifinku gaisuwa.

Game da ƙura, kada ki sa busasshen tsumma ki murza, domin ƙurar guguwar habub yashi ce mai kaifi, murzawar kuma ita ke tura ta cikin tsagin da allura ke bi. Ki fara kaɗe ta da buroshi mai taushi sosai. Daga nan ki samu tataccen ruwa irin na kantin magani, ki ɗiga masa ɗigo ɗaya na sabulun ruwa mara turare, ki jiƙa ƙyalle mai laushi ki bi faifan a kewaye yadda tsagin ya tafi, ki kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Ki ɗauraye da tataccen ruwan zalla, ki jingine shi a tsaye a inuwa har ya bushe da kansa. Ruwan famfo da na rijiya suna barin gishiri a cikin tsagi bayan sun bushe, sai a riƙa jin ƙara ko da ido bai ga komai ba. Riƙonsa kuwa a baki-baki ne, ko yatsa a tsakiya da babban yatsa a gefe, domin maiƙon hannu yana kama ƙura.

Waɗanda suka lanƙwashe zafi ne da nauyi suka yi musu haka. Roba ce ake yin faifan da ita, adakar ƙarfe kuma a ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, wuri ne da robar ke yin laushi, idan kuma an jibge su kwance wani kan wani sai na ƙasa su ɗauki siffar abin da ya danne su. Ki fitar da su daga adakar yau, ki jera su a tsaye a cikin kwali ko akwatin katako, ba matsatse ba kuma ba a kishingiɗe ba, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka. Wanda lanƙwasarsa kaɗan ce yakan yi waƙa lafiya lau. Wanda ta yi yawa ana iya sa shi tsakanin gilasai biyu masu kauri a ɗora littattafai a kai a bar shi makonni, wani ya miƙe, wani ya ƙi. Za ki ji masu cewa a shanya shi a rana ko a bi shi da dutsen guga. Kada ki yarda, domin faifan yana iya miƙewa a ido alhali tsagin ya narke, waƙar kuma ta tafi ke nan.

Kwafar tana buƙatar garmaho na lantarki mai allurar lu'ulu'u mai lafiya, wanda nauyin hannunsa a kan faifai bai wuce giram biyu zuwa uku ba. Akwai na zamani da ake haɗawa kai tsaye da kwamfuta, akwai kuma manhajar naɗar sauti kyauta mai suna Audacity. Ki adana sautin a tsarin WAV, wanda ba ya rage komai, ki ɗauki hoton kwali gaba da baya da takardar tsakiya ta kowane gefe, sannan ki aika da kwafi ga wani ɗan'uwa a wani gari, tun da kin ga da idonki abin da ke samun kayan da aka tara a ɗaki ɗaya. Idan babu irin wannan na'ura a kusa, gara su zauna shiru a kwalinsu da a ɗora su a kan duk garmahon da aka tsinta.

Saura maganar Yayanki, kuma a nan ina roƙonki ki bi a hankali. Da zarar an tabbatar kayan suna da kuɗi, sun shiga cikin gadon marigayi, ba naki ke kaɗai ba ne kuma ba nasa shi kaɗai ba, don haka babu mai ikon sayarwa ko hanawa sai da yardar sauran magada. Ki kai masa littafin da kika rubuta da farashin da kika gani, ku zauna da mahaifiyarku idan tana raye da malamin da zai raba muku. Ba na ganin laifi idan iyalin da yaƙi ya talauta suka sayar da faifai suka gyara rufin ɗaki. Abin da nake ƙi shi ne a sayar a makance. Idan an yanke shawarar sayarwa, a sayar ɗaya-ɗaya bayan an kwafa, a nemi tayi daga mutum fiye da ɗaya. Ki kuma sani cewa mallakar faifai ba ta ba ku haƙƙin waƙar da ke cikinsa ba. Idan wani kamfani ya nemi ku ba shi sauti don ya sake bugawa, ku tambaye shi ko ya yi yarjejeniya da makaɗin ko iyalinsa, domin da yawa daga cikinsu suna nan, wasu ma a unguwannin da ke kusa da ku.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na taso da garmahon lantarki na tun daga Hartum ta Bur Sudan zuwa Jidda, inda nake zaune yanzu wajen 'ya'yana. A gida lafiya lau yake aiki, amma a nan duk faifan da na ɗora sai muryar ta siranta kamar ta yara, kiɗan kuma ya riƙa gudu. Mai gyara ya canza bel, ya sayar mini da taransifoma, abin bai sake ba. Shin jirgin ruwa ne ya lalata shi? Daga wani dattijo a Jidda.

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ina kyautata zaton garmahonka lafiyarsa ƙalau, wutar lantarkin ce ta bambanta. Wutar Sudan tana kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta Saudiyya kuwa sau 60, kuma yawancin tsofaffin garmaho injinsu da wannan kai da komon yake auna gudunsa. Wanda aka ƙera don 50 idan aka jona shi a 60 sai gudunsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, babban faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti ya koma 40, ƙaramin da ke juya 45 ya koma 54. Taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa ko ƙarawa, ba ta taɓa wannan lissafi, shi ya sa kuɗinka ya tafi a banza.

Kana iya gwadawa da kanka. Ka manna 'yar farar takarda a bakin farantin da ke juyawa, ka sa shi a kan 33, ka sa jikanka ya riƙe agogo minti uku kana ƙirga wucewar takardar. Idan ta wuce sau 100, gudun daidai yake, sai a nemi matsalar a wani wuri. Idan ta kai 120, to maganar da na faɗa ce. Maganinta shi ne a canza ɗan ƙaramin gargaren da ke kan sandar injin, wanda bel ke ratayuwa a kai, a sa na 60 wanda ya fi siranta, kuma kamfanoni da yawa sun ƙera iri biyun tun asali saboda kasuwar Amurka. Idan ba a samu ba, akwai na'urar da ke mayar da wuta daga 60 zuwa 50, sai dai kuɗinta kan kusa na sabon garmaho, kuma sababbin da yawa ba su damu da wannan bambanci ba domin injinsu da kansa yake daidaita gudunsa. Ka kuma sa a duba soket ɗin ɗakin kafin a jona, tun da a wasu tsofaffin gidajen Jidda har yanzu ana samun layin wuta mai ƙarfin volt 127 kusa da na 220. Gudun da ya yi bai cutar da fayafayanka ba.

TAMBAYA: Malam, a gidanmu na Maiwurno da ke Sudan akwai wasu fayafayai masu kauri da nauyi na kakanmu, an ce har da na mawaƙiya A'isha Falatiya. Ɗaya ya faɗi ya tarwatse kamar tangaran. Zan iya goge sauran da sifirit, in ɗora su a garmahon abokina na zamani? Daga wani ɗalibi a Maiwurno.

AMSA: Ɗana, kada sifirit ya kusance su. Waɗannan sun girmi na roba, irin masu juyawa sau 78 a minti ne, kuma da wani ƙaro ake yin su wanda sifirit ke narkarwa nan take, shi ne kuma ya sa suke fashewa idan sun faɗi. Buroshi mai taushi ya ishe su, in ya zama dole a sa ruwa to kaɗan, a tsane shi da sauri. Tsaginsu ya fi na fayafayan roba faɗi nesa ba kusa ba, don haka suna buƙatar garmahon da ke da gudun 78 da allurarsu ta musamman, allurar abokinka kuwa za ta nutse a ƙasan tsagin ta riƙa kwaso ƙara, ita ma ta lalace. Idan tsohon garmahon kakanku, irin wanda ake yi wa wani da hannu, yana nan, ka tuna allurarsa ta ƙarfe sau ɗaya ake amfani da ita a canza, kuma ba a taɓa ɗora masa faifan roba.

Irin waɗannan su ne fayafayan farko na waƙar Sudan, tun lokacin da mawaƙan Umdurman ke tafiya Alƙahira a ƙarshen shekarun 1920 a naɗi muryarsu. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da Falatiya, 'yar mutanenmu ce da ta taso daga Kasala, ita ce macen da ta fara waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Ka karanta takardar tsakiyar kowane faifai da kyau ka rubuta abin da ke jiki, domin abin da ake faɗa a gida da abin da aka buga sukan saɓa. Idan ka samu wanda ta yi da Hausa, ka sa shi cikin takarda mai tsabta tsakanin kwalaye biyu masu tauri, ka ajiye shi a tsaye inda yara ba sa kaiwa, sannan ka aiko mana da hoton takardar gaba da baya. Gutsattsarin wanda ya fashe ma ka tattara su a ambulan guda, domin masu gyaran sauti kan iya haɗa faifan da ya rabe biyu ko uku su kwashi abin da ke cikinsa.